Kurakuran da fursunoni ke yi wajen kuɗin shigar da ƙara a Amurka

Fursunan da gandiroba ya ci zarafinsa a Amurka, ko aka hana shi magani, yana da ikon kai ƙara kotun tarayya. Amma tun da aka kafa dokar PLRA a 1996, wadda ta tsara yadda fursunoni ke shigar da ƙara, da yawa suna tuntuɓe ne tun a bakin ƙofa, wajen kuɗin shigar da ƙarar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa takardar neman sassauci ta marasa hali tana yafe kuɗin. Wanda ke waje ana iya yafe masa, amma fursuna bashi ne ya hau kansa. Kuɗin dala 405 ne. In alƙali ya amince da roƙonsa, a sauke masa 55 na hidimar ofis, sauran 350 ya biya kaɗan-kaɗan. Da farko za a duba wata shida na asusunsa na gidan yari, a ɗauki kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin abin da ke shiga a wata, ko na abin da ke zama a ciki, wanda ya fi yawa. Daga nan kowane wata a cire kashi 20 na shigar watan baya, muddin asusun ya haura dala 10. Wato in mahaifiya ta aiko da dala 50 don sabulu da kiran waya, 10 ta tafi kotu. Ko an kori ƙarar a satin farko, bashin na nan. Abin da ya kamata shi ne a yi wannan lissafi da ’yan uwa kafin a sa hannu.

Wasu kuma su aika ƙara ba tare da bayanin asusun na wata shida ba, wanda jami’in gidan yari ya tabbatar. A nemi takardar da wuri, domin kotu na ba da wa’adi, in ya wuce ta rufe fayil.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mai jera ƙararraki cikin zafin rai. A 2016, a shari’ar Bruce da Samuels, Kotun Ƙoli ta ce kowace ƙara da nata kashi 20, a lokaci guda: ƙara uku, kashi 60 ke nan. Ɗaukaka ƙara ma dala 605 ce daban. Sannan wanda aka kori ƙararsa sau uku don ba ta da tushe, ko ta ƙeta ce, ko ba ta nuna haƙƙin da aka take ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan, sai dai ya zube kuɗin gaba ɗaya, in ba yana cikin haɗarin mummunan rauni a lokacin ba. A 2020 kotun ta ƙara da cewa ko korar da ta bar damar sake shigarwa tana cikin lissafin sau ukun nan. Gara ƙara ɗaya mai sunaye, ranaku da abin da kowane jami’i ya aikata, bayan an gama bin matakan koke na cikin gidan yarin, domin tsallake su ma yana jawo kora.

Akwai kuma masu haƙura da haƙƙinsu don asusunsu ba ko sisi. Dokar ta ce ba za a hana fursuna shigar da ƙara don ba shi da abin biyan kason farko ba. Ya shigar, a riƙa cira in kuɗi ya shigo.