Darasi na Bakwai: Tafiyar Maganin Bushewar Baki a Jikin Kare

Kare yana da maɓuɓɓugan yawu manya guda takwas, huɗu a kowane gefen kai, kuma amfanin yawun nan bai tsaya ga jiƙa abinci ba, domin da shi yake rage zafin jikinsa idan ya zaro harshe yana haki. Idan yawu ya ƙafe, mai kare zai ga dasashin ya yi danƙo, yatsa yana mannewa idan an taɓa, abinci yana maƙalewa a haƙora, baki kuma yana wari. Ƙishirwa ko amai da zawo su ne suka fi jawo hakan, kuma maganinsu ruwa ne. Amma idan jijiyar da ke ba maɓuɓɓugan umarni ce ta samu matsala, likitan dabbobi yakan duba maganin da ake kira filokafin, wanda aka fara tacewa a shekarar 1875 daga ganyen wani tsiro na ƙasar Birazil mai suna jaborandi.

Ga yadda yake tafiya. Da kare ya haɗiye shi, yakan sauka cikin ciki ya wuce ƙaramin hanji, inda yake ratsawa ya shiga jini da sauri. Jinin da ya taso daga hanji sai ya fara bi ta hanta kafin ya zagaya sauran jiki, don haka tun a nan ake fara karya wani kaso na maganin. Abin da ya tsira shi ne ke isa ga maɓuɓɓugan yawu, ya kwaikwayi saƙon da jijiya ta saba aikawa, su kuwa su buɗe kamar an ba su umarni. Wannan ya nuna cewa maganin ba ya ƙirƙirar yawu da kansa, yana tada abin da ya rage da rai ne kawai, kuma maɓuɓɓugar da ta mutu murus ba ta amsawa.

Jini bai san iyakar baki ba. Inda duk ya kai maganin, to can ma yana aiki, shi ya sa likitoci ke ɗiga shi a kan abincin karen da idonsa da hancinsa suka bushe saboda ciwon jijiya, don hawaye su dawo. Ta wannan hanyar kuma illa take zuwa: dalalar yawu, amai, zawo da raguwar bugun zuciya. Duk wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya nemi likita, domin akwai makarinsa, wato atirofin.

Ba ya daɗewa a jiki. Hanta da wasu sinadarai na cikin jini suna sauya masa kama, ƙoda ta tace ragowar ta fitar a fitsari, kuma cikin 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya tafi, abin da ya sa ake maimaita shi a rana. Karen da hantarsa ko ƙodarsa ta yi rauni yakan riƙe shi fiye da kima, don haka wajibi ne a sanar da likita tun farko.

Kuskure mafi muni, a ganina, shi ne a ba kare kayan bushewar baki na mutane. Yawancin cingam da alewar da ake tsotsa don tada yawu suna ɗauke da wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda ba ya cutar da mutum, amma yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, har ya kai ga farfaɗiya ko lalacewar hanta. A ajiye su inda hancinsa ba zai kai ba.