Yadda za ka tsoma baki a zancen Filifins ba tare da an yi maka dariya a bes ba

Mu nan Nima a Accra ta Ghana yawancinmu ta talabijin muka san Filifins, fim ɗin nan nasu mai dogon zango da ake barin tuwo a wuta saboda shi, 'yar talaka ta so ɗan mai kuɗi uwarsa ta ce sam, can gaba a gano an yi musanyar jarirai a asibiti. Daga nan sai mutum ya ɗauka ya san ƙasar, ya zo bes wajen shan ataya yana yanke hukunci. Ni ma na yi. Ranar da aka kama tsohon shugabansu Duterte a watan Maris na 2025 aka wuce da shi kotun duniya ta ICC a Heg, na ce wane irin butulu ne Marcos, shugaban da ya gaje shi, da zai ɗauko 'yar mutum ya yi mataimakiya sannan ya miƙa ubanta, sai wani yayanmu da ya yi shekaru yana aiki da 'yan ƙasar a Katar ya ce "ƙanena sha shayinka, can ƙuri'ar shugaba daban ta mataimaki daban, ba kamar nan da ake dangwala wa mutum biyu da yatsa ɗaya ba." Ashe ma Marcos da mataimakiyar tasa Sara Duterte sun daɗe da ɓatawa, tun 2024 ta ajiye kujerar ministar ilimi.

To abu na farko, haddace gidaje kafin jam'iyyu. Marcos uba ya yi mulki daga 1965 zuwa 1986, ya kafa dokar soja a 1972, a 1983 aka harbe babban ɗan adawarsa Ninoy Aquino a filin jirgin Manila yana saukowa, matarsa Cory ta hau mulki bayan jama'a sun cika titi a Fabrairun 1986, ɗansu ya yi shugaba daga 2010 zuwa 2016, sai Duterte, sai kuma ɗan Marcos ya dawo a 2022. Ka ga kenan duk sunan da ka gani a labari tambayarmu ta Zango za ka yi, ɗan gidan wa ne? Wa'adin shugaba ɗaya ne kuma, shekara 6, shi ya sa kowa ke shirya ɗansa ko 'yarsa.

Wajen labarai kar ka dogara da guntun bidiyon TikTok da aka turo gurup. Sun fi mu da awa 8, muna sallame asuba su rana ta riga ta raba, don haka da safe ka buɗe Rappler ko Inquirer ko GMA, da Turanci suke rubutawa, ka karanta labari ɗaya a wuri biyu. Ka san kuma wa ke magana, shugabar Rappler Maria Ressa ta sha shari'a a zamanin Duterte kafin ta samu kyautar Nobel a 2021, tashar ABS-CBN kuwa da ke yin da yawa daga fina-finan nan majalisa ta hana ta sabunta lasisi a 2020. In an turo maka bidiyon guguwa duba kwanan wata tukuna, wataƙila tsoho ne.

Fim kuma in za ka faɗi ra'ayi kama wuri ɗaya ka riƙe. "Ya yi daɗi" ba ra'ayi ba ne. Faɗi wurin da uwar ta kira waya daga ƙasar waje tana aikatau, ɗan ya ƙi karɓa, ka ce me ya taɓa ka a ciki, wannan ba ƙirƙira ba ce don miliyoyinsu na aiki a waje suna turo kuɗi gida, kamar namu da ke Kuwet da Saudiyya. In dumso, wato ɗauke wutar nan, ya cinye maka rabin zangon faɗi gaskiya iya inda ka gani, kuma don Allah kar ka tona ƙarshe, ana yin gaba a kan haka.

Abin da ya fi damuna, fim ɗin Manila yake nuna maka, coci da masu kuɗi, sai ka rantse babu mai sallah a ƙasar. Alhali Musulunci ya riga Sifaniyawa isa kudancin ƙasar, wato Sulu da Mindanao, suna da sarakunansu tun kafin mulkin Sifaniya na sama da shekara 300, an daɗe ana yaƙi da gwamnati kafin a ba su yankin Bangsamoro mai cin gashin kai a 2019. A 2017 an yi wata 5 ana gwabzawa a Marawi da masu biyayya ga IS, tsakiyar garin ya zama kufai. In za ka yi magana a nan raba mutanen gari da 'yan bindiga, mutanen garin ne aka rushe wa gidaje.

Littafi ɗaya ya ishe ka farawa, Noli Me Tangere na José Rizal da ya fito a 1887, a kan zaluncin limaman coci da masu mulki, Sifaniyawa suka harbe marubucin a 1896. Fassarar Turanci na intanet kyauta. Yana da nauyi ba ƙarya, karanta babi ɗaya kullum ka rubuta layi biyu a wayarka, in taƙaitawa kawai ka karanta kar ka ce ka karanta littafin.

In kuma hira ta yi sanyi jefa sunan Pacquiao, ɗan damben da ya zama sanata ya nemi shugabanci a 2022 ya zo na uku. Shi ne ya doke Joshua Clottey namu a 2010 bayan turmi 12, sai dai wannan zancen a Nima za ka yi shi, kar ka kai shi Bukom, unguwar su Clottey.