Darasi na Shida: Karanta Launin Wutar Gas

Gas shi kaɗai ba ya kamawa da wuta, sai ya gauraya da iska. Abin da wuta take ci a cikin iska shi ne oksijin, kuma kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Shi ya sa gas ɗan kaɗan yake buƙatar iska mai yawa.

Gas iri biyu ne, kuma kowanne da irin cinsa. Akwai wanda ake haƙowa a tura ta bututu, kamar bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Yawancinsa metan ne, kuma mudu ɗaya nasa yana son iska wajen mudu 10. Sai na tukunya, mai kilo 3 ko 6 ko 12.5, wanda haɗin furofen ne da butan. Wannan mudu ɗaya yana son iska mudu 24 zuwa 31.

Ga yadda suke haɗuwa a murhu. Gas yana fitowa daga tukunya, regileta ta rage masa ƙarfi, ya bi tiyo zuwa makunni. Daga nan sai ya fita da gudu ta wata 'yar ƙofa kamar kafar allura, wadda masu gyara suke kira nozul. Gudun nan ne yake jawo iska ta wata taga da ke jikin bututun ƙarƙashin kan murhu. A cikin bututun suke cakuɗa, su fito ta ƙananan ramukan da kuke gani a kewaye.

Idan haɗin ya yi daidai, wutar shuɗiya ce, gajera, tsaye cak a kan kowane rami, zafinta ya kai kusan digiri 1,900. Gindin tukunyar girki yana nan fes.

Idan iska ta gaza, harshen wutar yakan yi tsawo, ya yi ruwan ɗorawa, yana lilo kamar na aci-balbal. Wasu suna ganin wannan ce wuta mai ƙarfi saboda girmanta. Kuskure ne. Hasken nan ƙwayoyin baƙi ne da ba su ƙone ba, su ne suke shafe gindin tukunya, kuma kuɗin gas ɗinku ne yake tafiya a banza. Abin da ya fi muni, irin wannan wuta tana iya fitar da kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, musamman lokacin sanyi da ake girki a ɗaki an rufe ƙofa da taga. Wanda ya ji haka, a kashe gas a fitar da shi waje, in bai warware ba a kai shi asibiti.

Amma ɗan tartsatsi ja-ja da yake bayyana ya ɓace a cikin shuɗiyar wuta ba matsala ba ne. Ƙurar hunturu ce ko gishirin miya.

Gyaran yawanci ba wuya. A rufe regileta, a bari murhu ya huce. A cire kan murhun a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a goge ramukan da tsohon burushin haƙori, domin miya da koko da suka tafaso su ne suke toshe su. A leƙa cikin bututun, gizo-gizo da zanzaro suna son yin gida a nan. Sai ya bushe sarai a mayar. In tagar iska mai murɗawa ce, a buɗe ta kaɗan-kaɗan har wutar ta koma shuɗiya. In ta fara huci tana tashi daga kan ramukan, iska ta yi yawa, a rage. Kada a kuskura a ƙwaƙule nozul da ƙusa. Da zarar ta faɗaɗa, sai dai a sayi wata.

Wani murhun na hannu da aka shigo da shi daga Turai, komai wankinsa wutarsa ba ta gyaruwa. An yi shi ne don gas ɗin bututu, nozul ɗinsa ya fi faɗi. Mai gyara zai canza shi da na gas ɗin tukunya.

Saura batun yoyo. Metan ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Na tukunya kuwa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa kamar ruwa, kuma in ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Warin da kuke ji zuba masa aka yi da gangan don a gane. In kun ji shi, a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Da kumfar sabulu ake neman yoyo, ba da ashana ba.

Aikin gida: ku kunna murhunku da dare, ku ƙirga ramukan da wuta ba ta fitowa, ku rubuta yawansu da launin wutar, ku zo da shi aji.