Yadda ake duba jak ɗin ƙafar motar kiren

Kafin ka taɓa komai, sauke kaya, naɗe hannun kiren ɗin, sauke motar kan tayoyinta, kashe inji. Kar ka yarda wai tunda inji ya mutu fresha, wato matsin mai, ta tafi, akwai bawul a jikin silindar jak ɗin da ke kulle man haidurolik a ciki, in ka kwance shi da nauyi a kai wallahi motar zama za ta yi nan take.

Gwajin farko mai sauƙi ne, ɗaga motar da jak, yi alama da alƙalamin maka a jikin sandar da ke fitowa daga silinda, kashe inji ka jira, in alamar ta matsa to ko bawul ɗin ne ko sil na piston, wato robar da ke hana mai wucewa, ya gaji. Duba sandar da kyau, ƙarce ɗaya da farce ke kamawa ya isa ya yage sabon sil, don haka in akwai ƙarce canza sil kaɗai asarar kuɗi ce.

Wanke wajen kafin ka buɗe, yashi ne ke kashe silinda. Kuma don Allah kar ka nemi yoyo da hannu, sa kwali, man da ke fita da fresha yana huda fata.

Bayan haɗawa ka fitar da sandar ka mayar sau da yawa iska ta fita, sannan duba mai a tanki.