Idan Baba na shan maganin tayirod, ga yadda za ku kula masa da ƙashi

A kemis nake aiki, kuma abin da na fi gani game da dattijai maza masu shan levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin da tayirod (wata gaɓa a gaban wuya) ke samarwa, shi ne ba su ke zuwa saye ba. Ɗa ko jika ake turowa da tsohon kwali, ya ce a ba shi irin wannan. In na tambaya yaushe rabon Baba da gwajin jini, sai yaro ya sosa ƙeya. Wani tun da aka yi masa tiyatar maƙoƙo aka ɗora shi kan makirogiram 100, kuma shi yake ta sha har furfura ta gama cin kansa.

Matsalar ita ce jikin ɗan shekara 70 ba ya buƙatar sinadarin tayirod kamar yadda ya buƙata yana ɗan 50. Adadin da ya yi daidai a da yana iya yin yawa yanzu, ƙashi kuma na cikin waɗanda ke ɗanɗana kuɗarsu. Ƙashi kamar katangar laka yake, kullum jiki na kankare tsoho yana yaɓa sabo. In sinadarin ya yi yawa, sai kankarewa ta fi yaɓe sauri, ƙashin ƙugu da na gadon baya su yi ta zaizayewa ba ciwo ba alama. Mutane sun ɗauka wannan larurar mata ce kawai. Gaskiya mata sun fi kamuwa, amma in namiji ya karye a ƙugu, ya fi mace shiga haɗarin rasa rai a shekarar farko.

To abin yi na farko, ku kai shi gwajin TSH, gwajin jini da ke nuna ko sinadarin tayirod ya yi daidai a jiki. Ku lura, lissafinsa a juye yake: in lambar ta yi ƙasa, sinadarin ne ya yi yawa a jiki. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. Ƙasa da 0.1 kuwa, nan ne haɗarin karaya ya fi fitowa fili, tare da rikicewar bugun zuciya. Sau ɗaya a shekara ya wadatar in komai na tafiya daidai, in kuma an canja adadin magani, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Ku tafi da kwalin maganin da duk wani abu da yake sha, har na ƙarin bitamin, domin biyotin, wani nau'in bitamin, yana ruɗa sakamakon.

Kada kowa ya rage masa ƙwaya da kansa don ya karanta wannan. Wanda aka yi wa aikin kansar tayirod, da gangan likita kan riƙe TSH ɗinsa a ƙasa. Wanda kuma ba ya shan magani amma yana rama, hannu na rawa, zufa da faɗuwar gaba, shi ma gwajin ne, don wataƙila tayirod ɗinsa ce ke aiki fiye da kima.

Yadda ake shan maganin ma yana da tasiri. Da safe, ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini a ba su tazarar awa 4. Dalilin da nake nacewa a nan: in yau ya sha da shayi mai madara, gobe da ruwa, sakamakon gwaji zai yi ta hawa da sauka, likita ya ƙara masa adadin da ba ya buƙata. Da azumi, a sha minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin ƙarshe.

Ku kuma leƙa aljihun Baba. Prednisolone da dexamethasone da ake saya barkatai don ciwon gwiwa suna cin ƙashi sosai, haɗuwarsu da tayirod mai yawa kuwa ba kyau. Taba ma haka. Nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale da riɗi duk suna ba da kalsiyam, tafiya masallaci a ƙafa kuma motsa jiki ce mai kyau, in dai da tocila da asuba. A gyara santsin banɗaki da wurin alwala.

In kun ga tsawonsa ya ragu, ko doro na fito masa, ko ciwon baya ya taso farat ɗaya, ku nemi likita ya duba ƙarfin ƙashinsa. Na'urar DXA, mai auna ƙarfin ƙashi, ba a ko'ina ake samunta ba a Arewa, amma hoton ƙashin baya yana nuna ƙashin da ya lotsa. In kuwa ya faɗi daga tsaye ya kasa taka ƙafa, asibiti za a nufa ranar, ba gidan mai ɗori ba. Karayar ƙugu yawanci tiyata take buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kafin a sallame shi ku roƙi a haɗa da gwajin TSH.