Tsohon cocin ƙauye a Ingila: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi wani ƙauye a Ingila, abin da zai fara hangowa daga nesa shi ne hasumiyar coci, wadda sau da yawa ita ce gini mafi tsufa a garin. Cocin Ingila, wato ɗarikar Anglican ta ƙasar, yana da majami'u kusan 16,000, kuma fiye da 12,000 daga cikinsu doka ta kare su a matsayin kayan tarihi. Da yawa a buɗe suke da rana, kuma babu mai tambayar baƙo addininsa, saboda haka Musulmi da Kirista duka suna iya shiga su ba idonsu abinci.

Wanda ke zaune a arewa maso gabas ya daure ya je Escomb, kusa da Bishop Auckland, inda wani ɗan ƙaramin coci yake tsaye tun ƙarni na 7. Magina sun kwaso duwatsunsa daga kangon sansanin sojan Rum da ke Binchester, har akwai dutse a jikin bango mai ɗauke da rubutun LEG VI, alamar runduna ta shida, an kifa shi kai a ƙasa, domin dutsen suke so, ba rubutun ba. Ginin dogo ne, siriri, tagoginsa na asali ƙanana ne ƙwarai.

Ƙofofi da tagogi su ne ke tona shekarun gini. Idan samansu a lanƙwashe yake kamar bakan gizo, mai kauri, galibi aikin Normawa ne da suka ci ƙasar a 1066. Idan kuwa ya yi tsini, daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa gaba ne. Bagade yana gabas, mazubin ruwan baftisma kuwa yakan kasance kusa da ƙofar shiga. A bango ko a farfajiya za a ga sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, kuma a watan Nuwamba akan ajiye jajayen furanni a wurin. Kada a jingina da wurin da aka rubuta sunayen ko a zauna a kansa, domin jikokin waɗannan mutane suna nan a garin.

Ba a cire takalmi. Al'adarsu ita ce namiji ya cire hula, ko da yake ba a cika matsa wa mai hular addini ba. Filin da ke kewaye da ginin makabarta ce, kuma ana bi ta cikinta a natse. Idan aka ji ƙararrawa tana ta kaɗawa da yamma a tsakiyar mako, ba wani abu ne ya faru ba, masu kaɗa ta ne ke gwaji, kuma sukan ɗauki fiye da awa guda.