Idan VM ta maƙale wajen tashi saboda OCFS2

'Yan'uwa, duk wanda VM ɗinsa (kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja a cikin wata kwamfuta) ke maƙalewa wajen tashi bayan ya haɗa faifan tarayya da OCFS2 (tsarin fayil da ke ba kwamfutoci da dama damar amfani da faifai ɗaya a lokaci guda), ya leƙa /etc/fstab (fayil ɗin da ke jera faya-fayan da za a ɗora wajen tashi) tukuna kafin ya ɗora wa faifan laifi. Galibi tsarin ne ke hanzarin ɗora faifan tun netwok bai farka ba. A ƙara _netdev a layin faifan a fstab don tsarin ya jira netwok, a kuma sa UUID (lambar shaidar faifan) maimakon /dev/sdb, don wannan sunan kan sauya bayan an sake kunnawa.

Sunan kowace kwamfuta a cluster.conf (fayil ɗin da ke jera kwamfutocin da ke tarayya a faifan) kuwa dole ya yi daidai da hostname ɗinta (sunan da aka saita wa kwamfutar a tsarinta), harafi da harafi, in ba haka ba o2cb (manhajar da ke haɗa kwamfutocin don OCFS2) zai ƙi tashi. Tashar sadarwa (port) ta 7777 ma a tabbata tana buɗe tsakanin kwamfutocin.